Tallafin ƙananan sana'o'i lokacin annobar Korona a Katsina

Tallafin ƙananan sana'o'i lokacin annobar Korona suna ne da ya tattara shirye-shiryen kuɗi da gwamnatin tarayyar Najeriya, Babban Bankin Najeriya da gwamnatocin jihohi suka fito da su tun daga watan Maris na shekarar 2020, domin rage wa ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar kansu raɗaɗin asarar da cutar COVID-19 da dokar kulle suka jawo musu. Manya daga cikinsu su ne rancen Babban Banki da aka bayar ta hannun bankin NIRSAL, da asusun Survival Fund na Naira biliyan 75, da shirin NG-CARES wanda aka gudanar da rancen Bankin Duniya.

Kaso mafi tsoka na kuɗin rance ne da ake biya. Abin da aka bayar kyauta kaɗan ne, kuma ya iso watanni bayan an buɗe gari. Kusan duk shirye-shiryen sun bi ta asusun banki, lambar BVN da cike fom a intanet, alhali akasarin ƙananan sana'o'i a birni irin Katsina suna tafiya ne da tsabar kuɗi da amana, ba tare da takarda ba. Wannan maƙala ta duba shirye-shiryen ta fuskar birnin Katsina, musamman yankin Ƙofar Guga.

## Ƙofar Guga da sana'o'inta

Ƙofar Guga ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, tare da Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri da Ƙofar 'Yanɗaka. A yau sunan ya zama na unguwa da mahaɗar tituna, kuma ta wannan ɓangare ne hanyar Jibiya ke fita daga gari, wadda ke kaiwa kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar har zuwa Maraɗi.

Kamar kowace mashigar gari, sana'o'in wurin na bakin hanya ne: direbobin motocin haya da 'yan kamasho, 'yan acaɓa, masu Keke Napep, makanikai, masu faci, masu walda, masu shayi da masu tireda, masu cajin waya, teloli da wanzamai. A cikin gidaje kuma akwai matan da ke soya awara da ƙosai, masu ƙuli-ƙuli, masu fura, masu kitso da lalle, waɗanda ba su da shago ko allon suna. Abin da ya haɗa waɗannan sana'o'i shi ne jarinsu ƙarami ne, yana juyawa kullum, kuma daga cinikin yau ake cefanen yau. Idan aka hana mai shayi fita na mako biyu, ba riba kaɗai ya rasa ba. Iyalinsa za su ci daga uwar kuɗin, ranar da aka buɗe gari kuma ba shi da abin sayen sukari da burodi. Wannan shi ake kira karyewar jari, kuma shi ne ainihin ciwon da tallafin ya kamata ya magance.

Korona ba ta tarar da yankin cikin ƙoshin lafiya ba. Tun watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba na wannan shekarar kuma hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Zirga-zirgar hanyar Jibiya ta riga ta ragu kafin a ji sunan cutar. Da aka sake buɗe wasu iyakoki huɗu a watan Disambar 2020, wato Seme, Illela, Maigatari da Mfum, ba a haɗa da Jibiya ba, sai a watan Afrilun 2022.

## Zuwan annoba da dokar kulle

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya ranar 27 ga watan Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 30 ga Maris dokar kullen da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya ta fara aiki a Legas da Abuja, a Ogun kuma bayan 'yan kwanaki. A Jihar Katsina, cutar ta fara bayyana a Daura a farkon watan Afrilu, inda ta yi ajalin wani likita. Gwamna Aminu Bello Masari ya bi tsarin kulle ƙaramar hukumar da aka samu mai cutar a cikinta, aka fara da Daura, kafin watan ya ƙare kuma dokar ta shafi birnin Katsina. An rufe makarantu, an taƙaita taruka, daga baya gwamnatin tarayya ta hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa farkon watan Yuli.

Lokacin da kullen ya faɗo shi ya ƙara masa nauyi. An ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Sallah ranar 24 ga Mayu. Ga tela, mai ɗinkin hula, mai sayar da shadda da atamfa, mai lalle da mai kitso, waɗannan makonni su ne kakarsu ta shekara. Ba a yi hawan Sallah ba, ba a je aikin Hajji daga Najeriya ba, bukukuwan aure kuma sun ragu ƙwarai.

A matakin ƙasa, tattalin arziki ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a zango na biyu na shekarar 2020 da kashi 3.62 a zango na uku. Wani binciken wayar tarho da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayu ya nuna kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina aiki. Hauhawar farashi ta kai kashi 18.17 a watan Maris na 2021, ta kayan abinci kuma ta kusa kashi 23.

## Rancen Babban Banki

Ranar 16 ga Maris, 2020, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da matakansa na farko. Ya rage kuɗin ruwa a kan basussukansa na musamman daga kashi 9 zuwa kashi 5, ya ɗage biyan uwar kuɗi na shekara guda, sannan ya ware Naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan kamfanoni. Wannan na ƙarshen shi ne aka sani da TCF a takarda, a bakin jama'a kuma bashin NIRSAL ko bashin Korona.

Bankin da aka damƙa wa rabon, NIRSAL Microfinance Bank, sabo ne a lokacin. An kafa shi a 2019, mallakar kwamitin bankunan Najeriya, kamfanin NIRSAL da hukumar gidan waya. A ƙa'idar shirin, magidanci zai iya karɓar har Naira miliyan 3, ƙaramin kamfani kuma har Naira miliyan 25. Rancen jarin juyawa na shekara guda ne, mai dogon zango kuma ba ya wuce shekara uku, da sararin shekara ɗaya kafin a fara biya. Ga kamfani, ana auna abin da za a ba shi da cinikinsa na shekarun baya, abin da ke nufin sai mai rubutaccen lissafi ko mai shigar da ciniki ta banki. An tsayar da ranar 31 ga Disamba, 2024 a matsayin ƙarshen shirin.

Masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba. An ninka asusun zuwa biliyan 100, daga baya ya kai biliyan 300. Ana cike fom a shafin intanet na bankin, a saka lambar BVN, a jira saƙon waya. Wasu sun jira watanni. Tun a watan Afrilun 2020 Babban Banki ya fito ya ce ba a biyan ko kwabo domin neman rancen, bayan ƙorafin cewa ana karɓar kuɗin rubuta tsarin kasuwanci. Duk da haka, wanda bai iya Turanci ba ko ba shi da babbar waya dole ya je shagon kwamfuta a cike masa, kuma a nan ne 'yan tsakiya suka samu ƙofa: wasu suna karɓar ladan aiki, wasu suna sharɗanta kaso daga abin da zai fito, wasu kuma 'yan damfara ne da suka buɗe shafukan bogi suna tattara lambobin BVN na mutane.

A Katsina da sauran garuruwan Arewa akwai wani shingen na daban, wato kuɗin ruwa. Kashi 5 rangwame ne babba idan aka kwatanta da abin da bankunan kasuwanci ke caja, amma ga Musulmin da ke gudun haramcin ruwa, kashi 5 da kashi 25 hukuncinsu ɗaya. Sai a watan Yulin 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da suka ba da damar gudanar da shirye-shiryensa ba tare da ruwa ba, daga baya bankin NIRSAL ya buɗe wannan sashe. A irin wannan tsari, kamar murabaha, ba a miƙa wa mutum tsabar kuɗi. Banki ne ke sayen kayan da yake buƙata, misali keken ɗinki ko injin markaɗe, ya sayar masa da ƙarin riba sananniya, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Tsarin ya dace da mai neman kayan aiki, amma bai cika biyan buƙatar wanda jarinsa na juyawa ya karye ba, wanda abin da yake nema shi ne kuɗin buhun waken suya da galan ɗin mai.

## Asusun Survival Fund

A watan Yunin 2020 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. A cikinsa aka ware Naira biliyan 75 ga ƙananan sana'o'i: biliyan 60 na Survival Fund, biliyan 15 na shirin sayen kaya daga hannun masu ƙerawa. Ƙaramar ministar masana'antu, ciniki da zuba jari, Mariam Yalwaji Katagum, ita ta shugabanci kwamitin kula da shi, Bankin Masana'antu kuma ya riƙe biyan kuɗin. Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, tana cikin masu aiwatarwa, kuma shugabanta a lokacin ɗan Katsina ne, Dikko Umaru Raɗɗa. Wannan asusu kyauta ne, ba a biya.

An buɗe shafin nema ranar 21 ga Satumba, 2020, kusan wata shida bayan fara kulle. Sassansa biyar ne:

- Biyan albashi: Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata, na wata uku, ga ma'aikata 500,000. Kowane kamfani zai iya gabatar da ma'aikata har goma. An fara da makarantu masu zaman kansu, sai otal-otal da gidajen abinci, sai sauran.
- Masu sana'ar hannu da masu sufuri: Naira 30,000 sau ɗaya ga mutum 333,000.
- Rajistar sunan kasuwanci kyauta a hukumar CAC ga sana'o'i 250,000.
- Kyautar Naira 50,000 ga ƙananan sana'o'i 100,000.
- Sayen kaya irin su takunkumin fuska, sabulun ruwa, man wanke hannu da sarrafaffen abinci daga masu sana'a 100,000.

An ware kashi 45 cikin 100 ga mata, kashi 5 ga masu buƙata ta musamman.

Sashen albashi ya buƙaci kamfani mai rajista da ma'aikata masu asusun banki. A Katsina waɗanda suka fi cika wannan sharaɗi su ne makarantu masu zaman kansu, kuma malamansu na cikin waɗanda suka fi jin jiki, domin an shafe watanni ba a karɓar kuɗin makaranta. Amma garejin makaniki, inda maigida ke da yara shida masu koyon aiki da ake sallama da kuɗin abinci, ba shi da albashi balle takardar albashi.

Sashen da ya fi shafar mutanen Ƙofar Guga shi ne na Naira 30,000. An raba jihohi rukuni-rukuni. Na farko, wanda ya haɗa da Kano da Kaduna, ya fara ranar 1 ga Oktoba, Katsina ta biyo baya. Ba a nemi rajistar kamfani a nan ba, amma an bi ta ƙungiyoyin sana'a, irin su ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan acaɓa, teloli da makanikai. Wannan ya sauƙaƙa tantancewa, ya kuma sanya jerin sunaye a hannun shugabannin ƙungiya. Wanda ba ya cikin kowace ƙungiya, kamar matar da ke sana'a a tsakar gida, da wuya sunansa ya shiga.

Lissafi mai sauƙi yana nuna girman abin. Idan aka raba 333,000 tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace tana da kimanin mutum 9,000. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Da za a raba daidai, kowace ƙaramar hukuma za ta samu mutum 265, kowace mazaɓa kuma mutum 25, adadin da layi ɗaya na masu gyaran babur zai iya cinyewa. Ita kanta Naira 30,000 daidai take da mafi ƙarancin albashi na wata guda a lokacin, kimanin dalar Amurka 80. Ga mai Keke Napep, kuɗin man fetur lita 180 ne ko sama kaɗan, domin farashin da aka sauke daga Naira 145 zuwa 125 a watan Maris ya haura 160 kafin ƙarshen shekara. Ga mai awara, wannan kuɗi jari ne cikakke, kuma ita ce ta fi wuyar samu.

A ƙasa baki ɗaya, asusun ya yi niyyar kaiwa ga mutum miliyan 1.7, alhali binciken SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga na 2017 ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5, kusan dukkansu 'yan ƙanana. Ko da an cika alƙawari duka, huɗu ne cikin ɗari. Gwamnati ta ce daga ƙarshe fiye da mutum miliyan ɗaya sun amfana. Ta kuma koka cewa a sashen sayen kaya, dubban waɗanda aka ba kafin alƙalami ba su kawo kayan ba.

## Sauran shirye-shirye

A jawabinsa na 29 ga Maris, 2020, Buhari ya ɗage biyan basussukan TraderMoni, MarketMoni da FarmerMoni na wata uku. Ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta biya Naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da ke cikin shirin tallafin talakawa, aka kuma ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa 3.6. Wannan rajista ta fi karkata ga ƙauyuka, shi ya sa a watan Janairun 2021 aka ƙaddamar da wata ta gaggawa domin talakawan birni, mai biyan Naira 5,000 a wata na wata shida. A wannan watan ne kuma aka fara aikin wucin-gadi na mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan Naira 20,000 a wata na wata uku. Rabon Jihar Katsina 34,000 ke nan.

Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda Aliko Ɗangote ke cikin jagororinta, ta sayi kayan abinci ta miƙa wa jihohi. Jinkirin rabon ya fito fili a watan Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama bayan zanga-zangar EndSARS.

A watan Disambar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin NG-CARES, inda kowace jiha za ta iya samun har dala miliyan 20. Jiha ce ke fara kashe kuɗinta, a tantance aikin, sannan a mayar mata. Ɗaya daga cikin sassansa uku na ƙananan sana'o'i ne. A Katsina ana kiransa KT-CARES. An ƙaddamar da shi a matakin ƙasa a watan Janairun 2022, lokacin da kulle ya riga ya zama labari.

## Shingen asusun banki

Binciken ƙungiyar EFInA na 2018 ya nuna kashi 62 cikin 100 na manya a shiyyar Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a 2020 adadin ya kai kashi 68, kusan ninki biyu na matsakaicin ƙasa. Mata sun fi yawa a cikin waɗannan. Lambar BVN, wadda aka fito da ita a 2014, ba ta samuwa sai an je an ɗauki hoton yatsu. Shirin da ya ce sai da BVN ya riga ya cire mafi yawan mutanen shiyyar kafin a buɗe shafin nema.

Ko masu asusun ma ba su tsira ba. Kwamfuta tana ƙin biya idan sunan da ke fom bai yi daidai da na banki ba, kuma sunayen Hausa ba su da rubutu ɗaya a boko. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammadu a katin zaɓe, Mohammed a banki, Mamman a ƙungiya. Wani yana amfani da sunan mahaifi, wani sunan gari ko unguwa, mace kuma ana iya rubuta ta da sunan miji a wata takardar. Irin wannan saɓani ya isa ya tsayar da biya.

## Kalmar "tallafi"

Hausa tana da kalmomi da suka bambanta waɗannan abubuwa sarai. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, kamar tsani ko tabarma. Rance shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa. Bashi shi ne nauyin da ke kan wanda ya karɓa. Kyauta ba a mayar da ita. Kalmar tallafi kuwa, daga aikatau "tallafa", ma'anarta a riƙe abu kada ya faɗi, kuma ba ta faɗin ko za a biya ko ba za a biya ba.

A shekarar 2020 wannan kalma ɗaya ta ɗauki buhun shinkafar CACOVID, da Naira 30,000 ta Survival Fund, da rancen NIRSAL. A rediyo da Facebook da zauren hira duk tallafin Korona ake cewa. Takardar amincewa da rancen kuma da Turancin banki take, a kan allon waya, kuma sau da yawa mai shagon kwamfuta ne ke latsa amincewar a madadin mai nema. Ga wannan kuma ga tsohuwar fahimtar da ke tsakanin jama'a cewa kuɗin gwamnati rabo ne. Ba kowa ne ya ruɗe ba. Akwai waɗanda suka san bashi ne suka yi fatan za a yafe. Amma da an tsaya a kan kalmar rance tun farko a duk sanarwar Hausa, da rigimar da ta biyo baya ta ragu.

## A wasu ƙasashe

A Birtaniya gwamnati ta biya masu sana'ar kansu kashi 80 cikin 100 na matsakaiciyar ribarsu, har fam 2,500 a wata, ta hanyar duba takardun harajin da suka riga suka shigar. Hukuma ta san su da abin da suke samu, ko da yake can ma sababbin masu sana'a sun faɗo ta tsakiya. Najeriya ba ta da irin wannan rajista ga mai faci ko mai shayi.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Togo. A watan Afrilun 2020 ta fito da shirin Novissi, inda mai sana'a ke rajista da ƙaramar waya ta hanyar latsa lambobi, da katin zaɓe, kuɗin kuma ya shigo asusun wayarsa. Mata suna karɓar sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Ba a nemi asusun banki ko intanet ba, kuma an fara biya ana tsakiyar dokar hana fita. Jamhuriyar Nijar kuma ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na watannin Afrilu da Mayu.

## Taimakon juna

A makonnin kullen kansu, kafin kowane fom ya buɗe, abin da ya riƙe mutane shi ne hanyoyin da suka saba: mai tireda ya ba da bashin gari da mai a rubuta a littafi, dillali ya ba da kaya sai an sayar a biya, ɗan'uwa mai albashi ya aiko, masu hali su fitar da zakka da ciyarwar azumi, maƙwabta su yi ciyayya. Adashi, wanda shi ne bankin mata da ƙananan 'yan kasuwa, ya nuna iyakarsa a wannan karo. Ƙarfinsa yana kan cewa ba kowa ke shiga matsi a lokaci ɗaya ba. Da ciniki ya tsaya wa kowa rana ɗaya, zubi ya tsaya, mai jiran kwasa kuma ya rasa abin kwasa.

## Biyan bashi da abin da ya biyo baya

Ranar 1 ga Agusta, 2020 wata ƙa'idar Babban Banki mai suna GSI ta fara aiki. Tana ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambar BVN ta wanda ake bi, ko a wane banki yake. An tsawaita rangwamen kashi 5, amma a cikin 2022 aka mayar da ruwan kashi 9. Da wa'adi ya cika, bankin NIRSAL ya yi amfani da wannan ƙa'ida, mutane da yawa kuma sun fara sanin cewa bashi ne a kansu ranar da suka ga saƙon cire kuɗi.

Lokacin biyan ya zo wa Katsina a mawuyacin hali. Daga ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama saboda 'yan bindiga, a watan Satumba kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun Naira, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur. Masu kare tsarin suna cewa kuɗin jama'a ne kuma dole a dawo da shi, faɗuwar darajar Naira ma ta rage nauyin bashin a zahiri. Masu suka suna cewa an ba da rance a inda ya kamata a ba da kyauta, ga mutanen da gwamnati ce ta hana su fita neman abinci.

Binciken SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga na gaba ya nuna adadin ƙanana da matsakaitan sana'o'i ya sauka zuwa miliyan 39.6 a ƙarshen 2020, ragin kusan miliyan biyu daga na 2017. Bayan Olayemi Cardoso ya karɓi Babban Banki a watan Satumbar 2023, bankin ya daina karɓar sababbin masu neman irin waɗannan basussuka, ya mayar da hankali kan karɓo na baya. A Katsina, Dikko Umaru Raɗɗa ya zama gwamna ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatinsa kuma ta kafa hukumar bunƙasa sana'o'i ta jiha mai suna KASEDA.